Maƙerin Gwarzo da ɗalibin Kabo

Tun 1979 birnin Linz na ƙasar Ostiriya yake shirya bikin Ars Electronica, inda masu zane da makaɗa ke aiki kafaɗa da kafaɗa da injiniyoyi. A nan gida ma, UNESCO ta saka Bida cikin biranen ƙirƙira a 2021, albarkacin sana'o'in hannu irin su aikin tagulla da gilashi.

A ganinmu, babbar makarantar fasaha ta tarayya da ke Kabo ta isa a fara irin wannan haɗin gwiwa da ita. Maƙerin Gwarzo, da ganin yadda ƙarfe ya yi ja a wuta, ya san lokacin duka ya yi. Ɗalibi kuwa ya iya lissafin zafi a takarda, amma da wuya in ya taɓa riƙe awartaki. Ya kamata hukumar makarantar ta ware mako guda duk shekara ta haɗa su, ta kuma biya maƙerin kuɗin koyarwa kamar kowane malami.