Lafiya Uwar Jiki: Bitamin D da Masu Jinyar Korona

A wannan wata za mu duba wata magana da ta yi ta yawo tun zamanin annobar korona, wadda har yau wasu ke riƙe da ita: wai ƙwayar bitamin D tana maganin cutar.

Ga asalin zancen. A watan Oktoba na 2020 likitocin wani asibitin jami'a da ke birnin Santanda a ƙasar Sifen suka fitar da sakamakon awon jinin majinyata 216 da korona ta kwantar. Kashi 82 cikin ɗari nasu suna da ƙarancin bitamin D. Da aka auna mutum 197 na gari waɗanda ba su kwanta ba, kashi 47 cikin ɗari ne ke da ƙarancin. Labari ya bazu, mutane suka yi ta rububin saye a kantunan magani.

To amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Waɗanda korona ta fi kayarwa su ne tsofaffi, da masu ƙiba, da masu ciwon sukari. Su ne kuma dama aka san bitamin D ɗinsu kan yi ƙasa, domin da yawansu ba sa fita rana sosai. Ban da haka, ciwo mai tsanani shi kansa yana iya rage yawan bitamin ɗin a jini. Ke nan ganin abubuwan biyu tare bai nuna ɗaya ne ya jawo ɗayan ba. Su kansu likitocin Santanda ba su ga alaƙa tsakanin ƙarancin da tsananin ciwon ba.

Sai aka shiga gwaji. A birnin Sawo Paulo na Burazil aka raba majinyata 240 gida biyu, aka ba rabi bitamin D mai yawa a shan farko, rabi kuma aka ba su abin da ba magani ba. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna kwanakin da suka yi a gadon asibiti duk ɗaya ne. A 2022 gwajin da aka yi a Birtaniya kan mutum 6,200, da wani a Nowe kan mutum sama da 34,000 da man hantar kifi, duk ba su nuna ya hana kamuwa da korona ba.

Kada wani ya ce ke nan bitamin D ba shi da amfani. Shi ne ke taimakon hanji ya tsotsi kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi. Idan ya yi ƙaranci, ƙashin yaro kan yi laushi har ƙafa ta lanƙwashe, babba kuma ya yi ta fama da ciwon ƙashi da kasala. Fata ce ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta, sannan hanta da ƙoda su gyara shi. Baƙar fata tana bukatar lokaci a rana fiye da fara.

Mai karatu zai ce mu da rana ke dafawa ina ruwanmu? Wani nazari da aka buga a 2020 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku a Afirka yana da ƙarancinsa. Sai mu tuna da tsohon da ba ya barin ɗaki, da matar da ba ta cika fitowa tsakar gida ba, da majinyacin da ya daɗe a kwance. A fito da su su sha hantsi. A ƙara da kifi mai maiƙo irin sadin, da gwaiduwar ƙwai, da hanta. Yara kuma a ba su nono da madara, domin binciken da aka yi a Jos ya nuna rashin kalsiyam a abinci shi ne babban dalilin lanƙwasar ƙafar yara a can.

Gargaɗi na ƙarshe: jiki yana tara bitamin D, ba ya zubar da shi da sauri. Shan sa da yawa kan cika jini da kalsiyam, ya kawo amai, da tsakuwar ƙoda. Kada a sha sai likita ya rubuta. Wanda kuma tari da zazzaɓi suka kai shi ga sarƙewar numfashi, a garzaya da shi asibiti, kada a tsaya neman ƙwaya a kanti.

Sai mun haɗu a wata mai kamawa. A huta lafiya.