Miksa Ba Kayan Ado Ba Ce: Mu Daina Zubar Da Kuɗi



Akwai wata ɗabi'a da ta shigo mana, kuma lokaci ya yi da za mu faɗa wa kanmu gaskiya. Yanzu kayan ɗakin amarya ba sa cika sai an girke miksa, wato injin kwaɓa fulawa mai kwano, a kicin. Uba ya ci bashi, uwa ta kwashi adashi, amma bayan wata shida injin yana kan kabad yana shan ƙura, ko kuma ya ƙone. Laifin namu ne, domin ƙyalli da lamba muke saye, ba aiki ba.

Mai shago zai nuna mana kwali an rubuta wat 1,500, mu ce mun samu mai ƙarfi. Wannan lamba wutar da injin ke ci take nunawa, ba ƙarfin murzarsa ba. Akwai KitchenAid mai wat 300 ko kusa da haka da ke murza kwaɓin burodi lafiya lau. Abin tambaya shi ne haƙoran cikin injin da nauyin jikinsa. Kwaɓin cincin da na dubulan tauri gare su, injin da bai da nauyi rawa zai yi ta yi a kan tebur har haƙoransa su cinye. Kuma ƙaramin janaretan da yawancinmu ke kunnawa bai kai wat 1,000 ba, da me zai ja mai 1,500?

Sai batun tokumbo. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120. Duk wanda ya jona injin Amurka kai tsaye ya gama da shi a ranar. Kafin mu biya kuɗi a Alaba ko ko'ina, mu juya ƙasan injin mu karanta. In an rubuta 220 zuwa 240, madalla. In 110 ko 120 ne, sai da taransifoma, ita ma kuɗi ce.

Wasu za su ce ai fita kunya ne. Wace kunya aka fita da kayan da ba ya aiki? Wadda ba ta wuce kek ɗin Sallah, ƙaramar miksa ta hannu ta ishe ta. Wadda ke sana'ar kek, cincin ko donot, ita ce ta cancanci babba: kwanon ƙarfe mai lita 4 zuwa 5, da ƙugiyar murza kwaɓi, da mabugin bota da sukari, da na kaɗa ƙwai. A tambayi mai gyara ko ana samun kayan gyaranta, a sa a gwada a shago, a karɓi rasit.

Iyaye, mu tambayi yarinya abin da take girkawa kafin mu shiga kasuwa. Ragowar kuɗin a ba ta jari. Allah Ya sa mu dace.