A TUƁE TAKALMI, A YI SHIRU

Ƴan'uwa ƴan komiti na birni da ƙauye, ga wata tambaya da ta kamata kowane reshe shi tattauna. Ƙasar da gwamnatinta ba ta ɗauki addini guda ba, shin tana da wurin da za a tuɓe takalmi? Waɗansu sun ce babu, wai abin tunawa na ƙasa dutse ne da siminti kurum. Waɗansu kuwa tsoro suke yi kada girmamawa ta zama shirka. Mu amsarmu akwai, kuma ga misali daga Afirka ta Kudu.

Bayan da mulkin wariyar launin fata ya faɗi a 1994, mutanen ƙasar suka gina Freedom Park, watau Filin Ƴanci, bisa dutsen Salvokop a birnin Firitoriya. Tsarin mulkinsu na 1996 bai ba kowane addini sarauta ba. Duk da haka suka keɓe wani wuri cikin filin mai suna Isivivane, inda aka kewaya manyan duwatsu 11: guda 9 daga jihohin ƙasar, ɗaya na gwamnati, ɗaya na sauran ƙasashen duniya. Wanda duk ya zo, ko minista ne ko ɗan dako, sai shi tuɓe takalmi kana shi shiga, in zai fita shi wanke hannu. Ba a tambayarsa addininsa. Musulmi shi yi addu'arsa, Kirista shi yi tasa, wanda ba shi da abin faɗi shi tsaya shiru.

To, ina shirka a nan? Talaka yana tuɓe takalmi a ƙofar fada, ba wanda ya ce bauta ya yi wa sarki. Ladabi ne. Roƙo dai ga Allah ake yinsa, ba a neman kome wurin mamaci, amma wanda ya ba da ransa domin ƙasa ya cancanci a sassauta murya a inda ake tuna shi.

Amma fa akwai darasi na biyu, mai ɗaci. A filin nan akwai bango mai tsawon mita 697 da aka rubuta sunayen waɗanda suka mutu cikin yaƙe-yaƙe 8. Aka sa sojojin Kuba da suka faɗi a Angola, aka bar sojojin tsohuwar gwamnati da suka yi yaƙi da su. Sai masu goyon waɗanda aka bari suka tada nasu bangon a 2009, a ginin Voortrekker da Turawan Boer suka buɗe a 1949 bisa dutsen da ke kusa. Ƙasa ɗaya, bango biyu. Sai a 2011 aka buɗe hanya tsakanin wuraren nan. Muna gane dalilin waɗanda suka ƙi jera mai zalunci da wanda aka zalunta. Sai dai mu lura, ran da masu mulki suka fara zaɓen mamacin da za a tuna, gardama ta shiga wurin da aka gina domin shiru.

Saboda haka ga abin da muke kira gare shi. In reshe ya je wurin tunawa da mazan jiya, a bar tutar jam'iyya da makaɗa da maroƙa a waje. Kada a yi ciniki, kada a zagi abokin hamayya. Kowa shi yi addu'a yadda ya gada, kada a tilasta wa kowa. In an zo rubuta sunaye, kada a tambayi katin da mamaci ya riƙe. Gwamnati takan sake, jam'iyya takan hau ta sauka, waɗanda suka kwanta dama kuwa na ƙasa duka ne.

Sakatarori su karanta wannan a taron ran kasuwa, su aiko mana da ra'ayin jama'a. Allah shi jiƙan magabata, shi ba mu ladabin tuna su.