Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Yau ina so in jawo hankalinku ga wani al'amari da ya daɗe yana damuna, watau irin manhajar da mu ke zubawa cikin kwamfutocinmu a nan Samaru da Sabon Gari.

Kowa ya san yadda abin ya ke. Uba ya sayar da hatsinsa, ɗa ya tafi Sabon Gari ya sayo kwamfutar da ta riga ta sha aiki a Turai. Sai mai shago ya ce, "Kawo in sa maka Office." Nan da nan ya zuba masa wadda aka ɓalle wa makulli, ba lasisi. Yaro ya koma Samaru yana murna. Ran da ya ke tsakiyar rubuta kundinsa na gama jami'a, sai ta fara neman lasisi, ko kuwa cutar da ta shigo tare da ita ta cinye aikin. Haka ya faru ga ɗan ƙanena, aikin wata biyar ya salwanta dare ɗaya. Zanen aro ma ba ya rufe katara, balle na sata.

Alhali kuwa ga halaliya nan kyauta. Cikin 1991 wani ɗalibi na Jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara ƙera Linux, watau tsarin da ke tafiyar da kwamfuta duka. Ya sake shi ga duniya, kowa na da iko ya ɗauka, ya duba cikinsa, ya gyara, ya ba maƙwabcinsa. A kansa a ke ɗora LibreOffice, wadda wata ƙungiya mai suna The Document Foundation ta kafa cikin 2010. A cikinta akwai Writer ta rubutu, da Calc ta lissafi, da Impress ta shirya allunan jawabi. Ko kwabo ba a biya.

Sakawarta kuma ba wuya. Da farko mutum ya kwashe takardunsa ya ajiye wani wuri, domin sabon tsari ya kan share abin da ya tarar. Sa'an nan ya sauko da Linux Mint ko Ubuntu daga intanet, ya zuba a filas, ya ta da kwamfutar daga gare shi, ya bi tambayoyin da za ta yi masa ɗaya bayan ɗaya. Linux Mint tare da LibreOffice ta ke zuwa. In kuwa wanda ya ɗauka bai zo da ita ba, sai ya buɗe ma'ajiyar manhajoji ya nemi sunanta, ko ya rubuta umurnin nan: sudo apt install libreoffice. Filas guda ya ishi ɗaliban ɗaki duka, ba kuwa wanda ya yi laifi.

Lokaci ma ya ƙure mana. Ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10, ga shi kuwa tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da ƙarfin ɗaukar Windows 11. To, zubar da su za mu yi? Linux na tafiyar da su lafiya lau.

Mu masu Ajami kuma muna da rabo na musamman. Cikin 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da wani zanen haruffa mai suna Alkalami, wanda aka kwaikwayo daga rubutun hannun malaman Kano, shi ma kyauta. In ka saka shi, ka shiga wurin saita harshe cikin Writer ka buɗe rubutu daga dama zuwa hagu, sai ka ga baƙi da wasali sun fito kamar na allo. A nan Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo cikin 1939. Bai kamata garin ɗab'i ya zama na baya ga wannan ba.

Na san wani zai ce masu buga takardu a Samaru Word suka sani. Gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye muku ba, wani lokaci in an buɗe takardar Writer cikin Word layuka su kan ɗan goce. Maganinsa shi ne ka mayar da ita PDF kafin ka kai, yadda ka tsara haka za ta fito. In malaminka ya ce lalle sai docx, Writer na iya ajiyewa haka. Cikin 2024 jihar Schleswig-Holstein ta arewacin Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin gwamnatinta wajen 30,000 ga LibreOffice. In masu kuɗi sun yarda da ita, mu me zai hana mu?

Saboda haka ina roƙon Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke Samaru tun 1962, ta riƙa keɓe rana kowane zango, cibiyarta ta kwamfuta ta Iya Abubakar ta saka wa sababbin ɗalibai wannan manhaja, ta nuna musu aiki da ita. Ku kuma masu shaguna a Sabon Gari, ku koyi sakawa, ku karɓi ladan aikinku da halali. Uban da ya sayar da hatsi ya cancanci a ba ɗansa abin da ba zai ci amanarsa ba.