Labarin duniya: tseren keke bisa duwatsu

A wannan wata za mu tafi Afirka ta Kudu, mu ga wani tseren keke da ake kira Cape Epic.

Ba bisa kwalta ake yin shi ba. Cikin daji ake bi, ta hanyar ƙafa, a hau dutse a gangara, a ƙetare ƙorama da rairayi. Keken ma daban yake da namu na zuwa kasuwa. Tayarsa mai kauri ce, mai haƙora, don ta kama ƙasa. Yana da giya da yawa ta hawan tudu, da birki mai ƙarfi. Wasu samari na Kaliforniya, cikin Amurka, suka fara irin wannan wasa da tsofaffin kekuna, kuma a 1976 suka yi tserensu na gangaren dutse. A 1996 wasan ya shiga gasar Olimpik.

An fara Cape Epic a 2004. Kwana 8 ake yi, galibi cikin watan Maris. Tsawon hanya kilomita 600 zuwa 700, wato kamar daga Yamai zuwa Maraɗi. Amma ita hanyar Maraɗi shimfiɗaɗɗiya ce. Can kuwa, in an tara hawan da suke yi cikin kwanakin nan, yakan kai wajen mita 15,000. Dutsen Bagzan, wanda ya fi kowane tsawo a Nijar, mita 2,000 ne da ƴan kai.

Masu tseren iri biyu ne. Akwai ƙwararru, waɗanda keke ne sana'arsu, ana biyan su albashi. Akwai kuma ƴan sha'awa, kuma su ne suka fi yawa: malamin lakwal, likita, ɗan kasuwa, maza da mata. Ɗan sha'awa shi ke sayen kekensa, shi ke biyan kuɗin shiga, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Keke mai kyau ya fi shanun noma biyu tsada, don haka ba wasan talaka ba ne, gaskiya ɗaya ce. Watanni yake yi yana horo, da asuba kafin aiki ko da marece bayan an tashi. Ya san ba shi zai zo na ɗaya ba. Abin da yake nema shi ne ya kai ƙarshe, domin kowace rana an yanke lokaci. Wanda ya iso bayan lokacin, ana iya barin shi ya ci gaba da tuƙi, amma ba za a lissafa shi cikin waɗanda suka gama ba. Horon wata da watanni ya tafi ke nan.

Dokar da ta fi ba ni sha'awa ita ce wannan: biyu-biyu ake shiga. Ba a yarda ka yi wa abokinka nisa fiye da minti 2 ba. In kun yi haka, sai a ƙara muku lokaci a matsayin horo. Ko da ƙafarka ta fi tasa ƙarfi, ba ka iso ba sai ya iso. In tayarsa ta fashe tsakiyar daji, ku biyu za ku duƙa ku gyara. In ya gaji bisa tudu, ka rage gudu, ka shiga gabansa ka tare masa iska. Shi ya sa mai hankali ba ya zaɓen wanda ya fi kowa gudu. Yana neman tsaransa wajen ƙarfi, mai haƙuri, wanda ba ya faɗa in rana ta yi zafi kuma gora ta ƙare. Duk wanda ya taɓa ɗaura babban sa da ƙarami a galma ɗaya ya san yadda kunya ke karkacewa.

Da dare yawancin ƴan sha'awa cikin ƙananan tantuna suke kwana, da safe su koma bisa sirdi da ciwon jiya. Wanda ya gama tseren har sau 3 ana sa shi cikin Amabubesi, wato zakoki da harshen Zulu.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.