Ciwon Aku da Kiwon Tantabara

Jama'a, a garuruwanmu da wuya ka ratsa unguwa ba ka ga yara da ɗakin tantabara ba, wasu attajirai kuma suna ajiye aku cikin keji a zaure. Ba mu ce kiwon laifi ne ba, gama yana koya wa yaro tausayi da tattali. Amma akwai cutar da ke ɓoye cikinsa wadda ya kamata kowa ya sani.

Likitoci suna kiranta ciwon aku. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda ke zaune cikin kashin tsuntsu da majinarsa. In kashin ya bushe ya zama ƙura, mutum ya shaƙa, bayan kwana 5 zuwa 14 sai zazzaɓi da ciwon kai da busasshen tari su taso, wani lokaci har cutar ta sauka huhu. Abin tsoro kuwa shi ne tsuntsun yana iya ɗauke da ita alhali ga shi garau.

Kada wani ya raina ta. Cikin 1929 aka yi jigilar aku daga Amurka ta Kudu zuwa Turai da Amurka, cutar ta kama ɗaruruwan mutane, da yawa suka mutu, har Shugaba Huba na Amurka ya hana shigar da aku ƙasarsa cikin Janairu 1930. A lokacin babu maganinta. Yanzu kuwa akwai, irin su tetracycline, muddin an je asibiti da wuri.

To, a nan gizo ke saƙa. Mu kowane zafin jiki zazzaɓin sauro mu ke kiransa. Sai a yi ta ɗura wa yaro maganin sauro, huhu kuwa yana lalacewa, ba wanda ya tuna gaya wa likita cewa yaron nan shi ke share ɗakin tantabara.

Saboda haka nauyi yana kan malaman makaranta da malaman ofis, gama su talakawa ke koyi da su. A koya wa yara su yayyafa ruwa kafin shara, musamman da hunturu, su rufe hanci, su wanke hannu da sabulu. Kada a rataye keji a ɗakin kwana. Tsuntsun da ya yi laushi a ware shi, a nemi likitan dabbobi. Wanda kuwa ya je asibiti da tari da zazzaɓi, ya faɗi irin abin da ya ke kiwo.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyashe mu, amin.