Direba Da Kunnensa Yake Tuƙi

Jama'a, wani yayi ya shigo Suleja. Saurayi zai sayi a-kori-kura don dakon doya da masara, sai ya kai ta wajen mai gyaran waya a girka masa amfilifaya da ƙatuwar lasifika mai rugugi a bayan kujera. In ya taso daga Kasuwar IBB ya nufi Madalla, tun bai iso ba tagogin mutane sun fara rawa.

Ba mu ƙi kiɗa ba. Amma likitoci sun tabbatar cewa daɗewa cikin ƙarar da ta wuce desibel 85 yana cin kunne sannu a hankali, jin da ya tafi kuwa ba ya dawowa. Direban da ba ya jin ham ɗin tanka a hanyar Kaduna, ina lafiyarsa da ta fasinja? Wayar da aka jawo daga batir babu fis kuwa, gobara ce take jiran rana.

Tun 2009 Nijeriya ke da dokar ƙayyade ƙara a hannun hukumar NESREA. Muna roƙon shugabannin tasha su ja wa yaransu kunne tun suna ji. Allah Ya kiyaye hanya, amin.